Hagu da Dama a Awartakin Maƙeri

1.0 Gabatarwa

Ƙira tsohuwar sana'a ce a birnin Katsina. Takobin nan Gajere, wanda tarihin baka ya danganta da Muhammadu Korau, yana cikin kayan sarautar Katsina, kuma shaida ce ta matsayin ƙarfe a wannan ƙasa. Ta fuskar nazari kuwa, Philip Jaggar ya wallafa littafi a kan maƙeran birnin Kano a 1994. Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba tambaya guda game da kayan aikin maƙeri, watau ko awartaki yana da hagu da dama, in kuwa yana da su, ko bambancin yana shafar aikin bahago.

2.0 Rabon Aiki Tsakanin Hannuwa

Bahaushe ya fifita dama bisa hagu. Da dama ake cin abinci, da ita ake miƙa abu, amintaccen mutum kuma shi ne na hannun dama. Hagu kuwa, wadda ake kira hauni a karin harshen yamma, daga gare ta aka sami kalmar bahago, har akan ce da al'amari mai wuyar sha'ani bahagon al'amari. Amma a maƙera hannuwan biyu duk suna da aiki. Mai dama yana riƙe masaɓa da dama, awartaki da hagu, bahago kuwa yana juya wannan tsari. Saboda haka awartakin yawancin maƙera a hannun hagu yake zama, tun da yake bahagwai ba su wuce kimanin mutum 1 cikin 10 ba. Nan ne harshe kan kawo ruɗani, domin idan aka ce "awartakin hagu" ana iya nufin wanda ake riƙewa da hagu, ana kuma iya nufin na bahago, alhali kuwa kishiyoyin juna ne.

3.0 Ginin Awartaki

Awartaki ɓari biyu ne da aka gicciya, aka haɗa da ƙusa. Kowane ɓari yana da baki, da faffaɗan wuri inda ƙusa ke shiga, da doguwar ƙafa wadda ake riƙewa. Idan aka kwantar da shi a ƙasa, bakinsa na duban gaba, kan ƙusa na duban sama, za a ga ƙafar ɓarin da ke bisa ta nufi dama ko ta nufi hagu. In aka kifa shi, ɓarin da ke ƙasa ya dawo bisa, ƙafarsa za ta nufi wancan gefen dai. Ashe ke nan kifawa ba ta mai da na dama ya zama na hagu. Lalle awartaki iri biyu ne, kamar almakashi.

Wannan bambanci tun a wuta yake samuwa. Maƙeri yakan buga baki, ya mirgina ƙarfen ya buga mazaunin ƙusa, ya sake mirginawa ta wannan fuska ya fitar da ƙafa. Fuskar da ya mirgina ita ke yanke irin awartakin da zai fito. Maƙeran Ingila da Amurka sukan koya wa almajiri mai dama ya riƙa mirginawa hagu, bahago kuwa dama. Abin lura a nan shi ne dole ɓari biyun su fito iri ɗaya sak. Wanda ya zaci ɗaya na dama ne ɗaya na hagu, kamar takalmi, ya mirgina na farko hagu na biyu dama, ba za su haɗu ba. Sai ya sake ƙera wani, ya yi hasarar gawayi da ƙarfe da wahalar mai zuga.

4.0 Tasirin Bambancin a Wajen Aiki

A almakashi bambancin babba ne. Idan aka riƙe almakashin dama da hannun dama, babban yatsa da sauran yatsu suna matse kaifi biyun a jikin juna, sai ya yanka. A hannun hagu kuwa matsin yana ware su, sai ƙyalle ya lanƙwashe a tsakani. Awartaki ba yanka yake yi ba, damƙa yake yi, leɓunansa kuma gaba da gaba suke haɗuwa. Don haka abin da maƙeri zai ji bai wuce yadda ƙafafun ke kwanciya a tafin hannu ba, da ɗan wasan da mahaɗa ke yi idan ƙusa ta saki. Sai fa awartakin da aka karkatar da bakinsa gefe guda don wani aiki na musamman, wannan kam wanda ya dace da hannu ɗaya yana iya ba ɗayan wahala.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne baki ya dace da kaurin ƙarfen da aka ɗauka. Awartakin da ya kama ruwan lauje ba zai riƙe ƙarfen gatari da kyau ba, jan ƙarfe kuwa in ya kuɓuce a ƙarƙashin masaɓa, jikin maƙeri ko na mai zuga zai nufa, musamman da yake maƙerin gargajiya a zaune yake aiki. Zaman ma ya fi awartaki damun bahago, domin inda murhu da uwar maƙera da zugazugi suke an tsara shi ne bisa hannun mai wurin.

5.0 Kammalawa

An ga cewa awartaki yana da hagu da dama a gininsa, kuma sanin haka wajibi ne ga mai ƙera shi, amma ga mai aiki da shi tasirin kaɗan ne. Saboda haka awartaki ba hujja ba ne na tilasta wa yaro bahago buga masaɓa da hannun da ba ya da saiti. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, bugun da ya kauce kuwa sai an mai da ƙarfe wuta. Ya kamata masu tattara kalmomin sana'o'i a Katsina su riƙa tambayar maƙeri hannun da yake nufi kafin su rubuta ma'ana a ƙamus.