Aikin Gayya a Filin Ƙwallo: Yadda Za Mu Riƙe Masu Aikin Sa Kai

A wannan fitowa za mu bar gona kaɗan mu leƙa filayen ƙwallo na birnin Kaduna. Kada ku ce mun yi ɓatan kai. Ciwon da ke kashe ƙungiyar wasa ta unguwa shi ne ke kashe ƙungiyar gama kai ta ƙauye, wato masu yin aiki ba albashi su gaji su janye.

Wanda ya zaga Kawo, ko Unguwar Rimi, ko Malali, ko Badarawa da la'asar, zai ga yara suna buga ƙwallo a filayen makarantun firamare. A bakin fili kuma zai ga mutum ɗaya ko biyu da usur a wuya. Wani tela ne, wani malamin makaranta, wani bakanike. Ba mai biyansu. Su ke tara yaran, su ke ja layi da toka, su ke raba faɗa, su ke kai yaro kemis idan ya ji ciwo.

Aikin nan ba ƙarami ba ne. A shekarar 1996 Nijeriya ta ci lambar zinariya ta ƙwallon ƙafa a wasannin Olamfik a Atlanta ta Amurka, inda ta doke Ajantina da ci 3 da 2. Biyu daga cikin ƙwallayen nan uku, Celestine Babayaro da Daniel Amokachi ne suka zura su, dukansu haifaffun Kaduna. Tijjani Babangida da Garba Lawal, su ma 'yan Kaduna, suna cikin tawagar. Ba a haihuwar yaro da iya ƙwallo. Sai wani ya fara tsaya masa a fili.

Akwai kuma abin da ya fi lambar zinariya. Bayan tarzomar 2000 da ta 2002, mutane da yawa sun sauya unguwa, har Kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, Musulmi sun fi yawa a arewa, Kirista a kudu. Filin wasa yana cikin wuraren da yaran ɓangarorin biyu kan haɗu su san sunan juna. Ranar da mai usur ya gaji ya daina zuwa, wannan haɗuwa ta mutu ke nan.

To, yaya za a riƙe shi? Mu manoma muna da amsa a hannu, domin mun san gayya. Mai gayya yakan sa rana, ya sanar da jama'a, ya raba kunyoyi, ya dafa abinci, ya kawo makaɗa su zuga majiya ƙarfi. In maƙwabci ya kira tasa gayyar, shi ma ya je. Ba a biyan kowa, amma ba wanda ke komawa gida da yunwa ko da ɓacin rai. Ga yadda za a bi wannan hanya a ƙungiya.

Na ɗaya, a nuna wa kowa kunyarsa. Kada a ce wa mutum, "Zo ka taimaka mana," a tsaya nan. A gaya masa, "Kai ne mai horar da yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu, Talata da Asabar, ƙarfe huɗu zuwa shida, har ƙarshen zangon makaranta." Wanda ya san farkon aikinsa da ƙarshensa ya fi saurin amsawa. A rubuta ayyukan duka a littafi: mai horarwa, alƙalin wasa, mai ajiye kaya, magatakarda, ma'aji.

Na biyu, kada mai sa kai ya ba da guminsa kuma ya ba da aljihunsa. Nan ne yawancin ƙungiyoyi ke faɗuwa. Mutum ya bar shagonsa, ya biya kuɗin mota, ya sayi ruwa, ƙwallo ta fashe ya ɗinka da kuɗinsa. Wata uku, maiɗakinsa ta fara magana, da gaskiyarta kuwa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙungiya ta ware kuɗin mota da na ruwa tun farkon shekara, ma'aji ya biya a kan rasit, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Wannan ba albashi ba ne, mayar wa mutum abin da ya kashe ne. Kada kuma a yi alkawarin albashi ko aikin gwamnati wanda ba a da ikon cikawa.

Na uku, a raba kaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane aiki ya kasance da mataimaki, domin mai shi ya iya zuwa biki ko jana'iza ba tare da an rufe fili ba. A tsara lokaci yadda ba zai ci karo da sallar Juma'a ko sujadar safiyar Lahadi ba. A sassauta a watan azumi da lokacin jarrabawa. Wanda ya ce zai huta, a sallame shi da godiya, domin mai tafiya da mutunci yakan dawo.

Na huɗu, a koya musu aikin. Niyya mai kyau ba ta ɗaure karaya. A nemi 'yan agaji na Red Cross ko ma'aikacin asibitin unguwa su koya wa mutum biyu ko uku taimakon gaggawa, a kuma ajiye akwatin magani a fili. A kafa doka cewa babba ɗaya ba zai keɓe da yaro ba, ba a tafiya da yaro wani gari sai da yardar iyayensa, ƙungiyar 'yan mata kuma dole a sami mace babba tare da su. Dokar nan tana tsare yara, tana kuma tsare sunan mai horarwa.

Na biyar, a yaba. Yaba kyauta tukwici. A nan muna da abin koyi daga ƙasar Kenya. A shekarar 1987 wani mutumin Kanada mai suna Bob Munro, tare da samarin Mathare, wata unguwar talakawa a Nairobi, suka kafa ƙungiyar wasanni da ake kira MYSA. Samarin da kansu ke horarwa da alƙalanci. Kulob ɗin da ya fita kwashe shara da yashe kwatami yakan sami maki a teburin gasa, kamar wanda ya ci wasa. Masu sa kai da suka fi ƙwazo kuma akan taimaka musu da kuɗin makaranta. Kulob ɗin manya da ya fito daga cikinta, Mathare United, ya ci gasar Kenya a 2008. Dabararsu ita ce ana rubuta aikin kowa, ana kuma saka masa da abin da yake bukata.

Mu ba sai mun jira kuɗin waje ba. Tun 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 5 ga Disamba ta zama ranar masu aikin sa kai, ga shi kuwa ta faɗo lokacin kaka. A wannan rana a kira sunan kowa a gaban jama'a, a ba shi takardar shaida da za ta taimake shi wajen neman aiki, a haɗa masa da tiya biyu ta masara ko ta wake.

Yanzu mu dawo gida. A ƙungiyarku akwai mai rubuta sunayen masu karɓar taki, akwai mai tafiya hedkwatar ƙaramar hukuma da babur ɗinsa, akwai matan da ke dafa abincin taro, wataƙila akwai saurayin da ke tara yaran ƙauye a filin makaranta. A taronku na gaba ku tattauna waɗannan tambayoyi:

1. Su wa ke yi mana aiki ba biya? Ku rubuta sunayensu.
2. Nawa kowannensu ya kashe daga aljihunsa a bana, an kuwa mayar masa?
3. Idan ɗayansu ya kwanta ciwo gobe, wa zai riƙe aikinsa?
4. Yaushe rabon da mu gode masa a gaban jama'a?

Ku aiko mana da abin da kuka shirya ta hannun malamin gona na yankinku, domin wasu ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka.