Ciwon Kan da Ke Tada Mutum Tsakar Dare: Gaskiya da Ji-ta-ji-ta a Kan Barcin Mai Shi

Akwai wani ciwon kai da ya san lokaci kamar ladan. Mutum zai kwanta lafiya ƙalau, barci ya ɗauke shi awa ɗaya ko biyu, sai ya zabura kamar an soka masa jan ƙarfe ta bayan ido ɗaya. Idon ya kaɗa ya yi ja yana hawaye, ƙofar hancin wannan ɓangaren ta toshe ko ta yi ta yoyo, fatar idon ta kumbura. Kwanciya ba ta yiwuwa, sai safa da marwa a tsakar gida, wani har da buga kai a bango. Tsakanin minti 15 da awa uku abin ya lafa, gobe kuma ya dawo kusan daidai wannan lokacin. Haka zai yi ta yi makonni ko watanni, sannan ya ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke, sai wata shekara. Saboda wannan zuwa da yake yi zango-zango likitoci suke kiransa kulasta, sunan da wani likita Ba'amurke, Charles Kunkle, ya raɗa masa a 1952. Yana kama kusan mutum ɗaya cikin 1,000, ya fi yawa ga maza, kuma yakan fara tsakanin shekara 20 da 40. Ya bambanta da ciwon ɓarin kai da aka saba gani, wanda mai shi ke neman ɗaki mai duhu ya kwanta shiru.

Ciwon da ke zuwa ƙarfe biyun dare kullum ba zai rasa masu fassara ba. Abu na farko da ake faɗa shi ne taɓin iska ne ko sammu, hujjar kuwa ita ce cuta ta Allah da Annabi ba ta duba agogo. Nan aka yi kuskure, domin jikin ɗan Adam yana da agogonsa. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ake kira haifotalamus, shi ke tsara lokacin barci da farkawa, da zafin jiki, da fitar wasu sinadarai. A 1998 Arne May da Peter Goadsby da abokan aikinsu a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo a daidai lokacin da ya taso musu, suka ga wannan wurin ne yake kunnuwa. An kuma gano cewa melatonin, sinadarin da jiki ke saki idan duhu ya yi, yana raguwa a jikinsu da dare. Wannan ya bayyana dalilin da ciwon ke riƙe sa'a ɗaya, da kuma dalilin da wasu yake dawo musu a wata ɗaya kowace shekara. Addu'a ba ta taɓa hana neman magani ba, amma shekarun da ake ɓatawa ana hayaƙi da turare, ko ana cire haƙoran da ba su yi laifin komai ba, shekaru ne na azabar da ake iya ragewa.

Magana ta biyu ta fi wuyar warwarewa, don tana ɗauke da rabin gaskiya: wai barci ne ke tayar da ciwon, saboda haka dabara ita ce a ƙi yin barci, ko a saita agogo a tashi kafin ya iso. Gaskiya ne yawancin masu ciwon da dare yake kama su, kuma an daɗe ana ɗora laifin a kan zangon barcin da ake mafarki a cikinsa, wanda yakan fara kamar minti 90 bayan barci ya ɗauki mutum. Wannan ra'ayi ya samo asali ne daga binciken Dexter da Weitzman na 1970, wanda aka yi a kan mutane 'yan ƙalilan. Da masu bincike na cibiyar ciwon kai ta Danmak suka kwantar da marasa lafiya masu yawa a ɗakin gwajin barci, sakamakon da suka fitar a 2015 bai nuna ciwon yana bin wani zangon barci guda ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne agogon cikin kai ne ke sakin ciwon, barci kuwa lokacinsu ne ya zo ɗaya. Wanda ya zauna a kujera ido biyu yana jiran gari ya waye sau da yawa ciwon yakan same shi a zaune, ko ya jira shi har gyangyaɗi ya kwashe shi da asuba. Ya tashi ga ciwo, ga gajiya, ga agogon jikin da ya ƙara rikicewa. Mai tuƙa mota ko mai aiki da inji kuma ya ƙara wa kansa haɗari da rana.

A ɗaya gefen akwai masu cewa ai shi ya jawo wa kansa, da yana kwanciya da wuri ya ajiye waya da bai gamu da wannan ba. Wannan zalunci ne. Miliyoyin mutane na kwana hira da kallo ba su taɓa sanin wannan ciwo ba, kuma binciken Danmak ɗin nan ya nuna barcin masu kulasta ba ya daidaita sosai ko a watannin da ciwon ya tafi hutu, alamar cewa matsalar barcin da ciwon daga tushe ɗaya suke. Duk da haka akwai abin ɗauka a maganar. Idan zangon ciwon ya kama, sauya lokacin kwanciya da tashi yana iya tsokano shi, kuma marasa lafiya da yawa sun lura barcin rana yana jawo musu ƙarin farmaki. Don haka kwanciya da tashi a lokaci ɗaya kowace rana, har ranar hutu, yana da amfani, ko da daren jiya bai yi daɗi ba. Ƙailula kuwa gwaji ce ta mutum da kansa: idan ya rubuta lokutan ciwonsa na mako biyu ya ga ciwon yana biyo bayan barcin rana, ya haƙura da ita har zangon ya wuce. Mai gadi ko ma'aikacin jinya da ke aikin dare yana da hujjar neman a mayar da shi aikin rana na ɗan lokaci. Wannan duk taimako ne na gefe. Ba wanda tsarin kwanciya kaɗai ya raba shi da kulasta.

Mafi haɗari a cikin shawarwarin da ake bayarwa ita ce ta bakin kemis: a sha abin da zai bugar da mutum har ciwon ya zo ya wuce bai sani ba. Ba a yi ƙwayar barcin da ta fi ƙarfin wannan zafi ba. Mutum zai farka ne duk da ƙwayar barci irin diazepam, sai dai yanzu yana layi, ga shi yana buƙatar ya tashi ya haɗa wa kansa magani. Tramadol da kodin ba sa cikin magungunan wannan ciwo, kuma wanda ke shan su kowane dare tsawon wata biyu ya kama hanyar jaraba, masifar da ta sa gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Farasitamol da 'yan uwansa na haɗiya sukan fara aiki ne bayan ciwon ya kai ƙololuwa, shi ya sa ake zaton sun yi aiki alhali lokacinsa ne ya cika. Giya kuwa, ga masu shan ta don barci, tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna tayar da ciwon cikin ɗan lokaci idan ana tsakiyar zango.

To me ke mayar wa mutum da darensa? Abin da ke gajarta farmakin da abin da ke hana shi zuwa. A wani gwaji da aka yi a Landan aka wallafa a 2009, an ba marasa lafiya zallar iskar oksijin, lita 12 a minti ɗaya ta takunkumin fuska na minti 15, sai kashi 78 cikin 100 na farmakin suka lafa, alhali da iskar banza kashi 20 ne. Allurar sumatriptan ta ƙarƙashin fata ita ma tun 1991 aka nuna tana kwantar da kusan kashi uku cikin huɗu na farmakin cikin minti 15, sai dai ba a wuce biyu a kwana ɗaya, kuma ba ta dace da mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba. Bambancin da ke tsakanin tashin minti 20 da tashin awa biyu shi ne bambancin wanda zai iya fita aiki gobe da wanda ba zai iya ba. Mai karatu a Katsina ko Maraɗi zai ce wannan zancen masu hali ne, asibiti ma oksijin yana yanke mata balle ɗakin talaka. Ƙorafin yana kan hanya, kuma tsadar ba ƙarya ba ce. Amma mafi yawan masu ciwon na wasu makonni ne a shekara suke buƙatarsa, hayar silindar oksijin ta wannan lokaci kuma ya kamata a auna ta da abin da ake kashewa a ƙwayoyin da ba sa aiki. A sani cewa ƙaramin injin tace iska na gida, mai ba da lita biyar, bai kai ƙarfin da ake so ba, kuma sigari da kyandir da fitilar kananzir da garwashi ba sa zama ɗaki ɗaya da silinda.

Rigakafin ya fi araha, shi ne kuma ainihin maganin barcin. Verapamil, wanda aka sani da maganin hawan jini, shi ne na farko da likitoci ke bayarwa, amma da yake adadin da ake buƙata yana da yawa, dole a riƙa gwajin bugun zuciya na ECG yayin da ake ƙara shi. Kafin ya kama aiki akan haɗa da prednisolone na ɗan gajeren lokaci ko allura a ƙeya. Prednisolone ɗin nan yana yanke ciwon da sauri har mutum ya so ya zarce da shi da kansa, abin da ke lalata ƙashi ya tayar da sukari. Melatonin fa, da ake tallarsa kamar waraka? Hujjarsa ƙarama ce: a wani gwajin Italiya na 1996 mai mutum 20, biyar cikin goman da suka sha miligiram 10 da dare sun sami sauƙi. Ana iya gwada shi da sanin likita a matsayin ƙari, ba madadin verapamil ba.

Batun minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci bincike ya rabu a kansa, wasu sun ga ya fi yawa ga masu kulasta, wasu ba su gani ba. Wanda matarsa ta shaida numfashinsa na tsayawa da dare ya je a duba shi, don wannan cuta ce mai zaman kanta, kuma ƙwayar barci tana ƙara mata muni.

Ba kowane ciwon kan dare ne kulasta ba, kuma likita ne zai tantance, sau da yawa har da hoton ƙwaƙwalwa. Idan ciwon ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko amai, ko mutuwar ɓarin jiki, ko gani ya dushe, ko ya faɗo farat ɗaya da ƙarfin da ba a taɓa ji ba, asibiti za a nufa a daren. Ku kuma iyalin mai wannan ciwo, kada ku danne shi ku ce sai ya kwanta, ku bar masa fili ya yi zirga-zirgarsa, ku ajiye maganinsa da tocila kusa da shimfiɗa tun kafin a kwanta. Idan kuka ji ya fara cewa gara mutuwa da wani daren irin wannan, ku ɗauki maganar da gaske, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi wurin likita a ranar.