Gidan 'Yar'aduwa: Daga Baitulmalin Katsina Zuwa Fadar Shugaban Ƙasa

Musu ne ya kaure a ɗakin kwananmu wani dare da aka ɗauke wuta, ana saura kwana uku mu shiga jarrabawar tarihin siyasar Nijeriya. Tambayar da ta jawo shi ita ce: ta yaya gida ɗaya, a unguwa ɗaya cikin birnin Katsina, ya fitar da minista a Jamhuriya ta Farko, da mutum na biyu a gwamnatin soja, da kuma zaɓaɓɓen shugaban ƙasa, duk cikin abin da bai kai shekara hamsin ba? Wasunmu suka ce gado ne kawai, ɗan sarauta ba ya rasa wurin zama. Wasu suka ce ƙwazo ne. Galibinmu muna 'yan firamare lokacin da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu, don haka sai da muka koma ga littattafai.

Tushen gidan a masarauta yake. Alhaji Musa 'Yar'aduwa ya riƙe sarautar Matawallen Katsina, wato mai kula da baitulmalin masarauta, kuma mahaifinsa ma ya riƙe ta kafin shi. Amma abin da muka lura da shi shi ne, rawanin bai kai shi Ikko shi kaɗai ba. Makaranta ce ta kai shi. A zamanin Turawa, 'ya'yan sarakai da na fadawansu ne aka fara tura wa karatun boko a Arewa, a lokacin da talaka ke ɓoye ɗansa don kada a kama shi. Musa ya yi Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma yi koyarwa. Da aka zo neman 'yan Arewa masu ilimi da za su je majalisar tarayya ƙarƙashin jam'iyyar NPC, ba su da yawa, kuma kusan duk sun san juna tun daga aji. Haka ya zama Ministan Harkokin Legas a gwamnatin Tafawa Ɓalewa: Bakatsine ke kula da babban birnin ƙasa na wancan lokaci.

Wanda ya mayar da sunan gidan wani ƙarfi na ƙasa baki ɗaya shi ne ɗansa Shehu, wanda aka haifa a 1943. Ya shiga soja, ya samu horo a Sandhurst ta Ingila, ya yi yaƙin basasa, yana kuma cikin matasan hafsoshin da suka kawo Murtala Muhammad kan mulki a 1975. Murtala ya ba shi ma'aikatar sufuri a daidai lokacin da jiragen ruwa masu dakon siminti suka toshe tashar Legas. Da aka kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976, Obasanjo ya hau, sai aka nemi hafsa Musulmi ɗan Arewa da zai zama na biyu domin a kwantar da hankalin yankin. Aka ɗaga Shehu daga Laftanar Kanar zuwa Birgediya, ya tsallake waɗanda suka girme shi a aiki, yana da shekara 32 ko 33. Mun tsaya a nan mun ƙirga: shekara goma sha biyu ko sha uku ne kacal tsakaninmu da shekarunsa na lokacin.

Bayan sun miƙa wa Shehu Shagari mulki a 1979, ya tuɓe kaki yana Manjo Janar, ya shiga noma da banki da harkar jiragen ruwa. A nan ne, a ganinmu, ya yi abin da ya bambanta shi da sauran 'ya'yan sarauta. Bai tsaya jiran mubaya'ar Katsinawa ba. Ya bi ƙasa lungu-lungu yana tara 'yan siyasa daga ƙasar Yarabawa, da Gabas, da tsakiyar Nijeriya, ya ɗaure su a ƙungiya guda da aka fara sani da People's Front, daga baya ta koma PDM. Atiku Abubakar a wannan makaranta ya koyi siyasa. A 1992 Shehu ya yi gaba a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar SDP, Babangida ya soke zaɓen. A taron tsarin mulki na zamanin Abacha kuwa, mutanensa ne suka matsa a sa wa sojoji ranar sauka. A 1995 aka kama shi tare da Obasanjo bisa zargin shirya juyin mulki, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Ya rasu yana tsare, fursuna a gidan yarin Abakaliki, ranar 8 ga Disamba, 1997. Masu cewa gado ne kawai sun yi shiru a wannan gaɓar, domin rawanin Tafidan Katsina da ke kansa bai buɗe masa ƙofar kurkuku ba.

Sai dai mutuwarsa ba ta rusa abin da ya gina ba. PDM na cikin ginshiƙan da aka kafa PDP a kansu a 1998, kuma da Obasanjo ya fito daga kurkuku ya tsaya takara, daga cikin yaran Shehu ya ɗauki mataimaki.

Ƙanensa Umaru wani irin mutum ne daban. Malamin kimiyyar sinadarai ne da ya yi digiri a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A Jamhuriya ta Biyu, lokacin da mahaifinsa ke cikin manyan NPN, shi PRP ya bi, jam'iyyar Malam Aminu Kano, wadda ta yi suna wajen adawa da irin tsarin da ya haife shi. Muna iya hasashen yadda hira kan kasance a zauren gidan. Ya nemi kujerar gwamnan Katsina a 1991, Sa'idu Barda ya kayar da shi. Ya samu a 1999, ya yi shekara takwas, ya bayyana kadarorinsa a fili, abin da 'yan siyasarmu ke gudu har yau.

Amma fa a faɗi gaskiya: a 2006, ba Umaru ne gwamnan da ya fi fice ko ya fi nuna sha'awar shugabancin ƙasa ba. Obasanjo ne ya zaƙulo shi bayan yunƙurin tazarce ya sha ƙasa, ya share masa hanya a jam'iyya. Da wuya a raba wannan zaɓi da tsohuwar amanar da ke tsakanin Obasanjo da Shehu tun daga barikin Dodan har zuwa kurkuku. Zaɓen 2007 ya sha suka a gida da waje, shi kansa Umaru ya amsa a jawabin rantsuwa cewa akwai kurakurai, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais don gyara harkar zaɓe. Ya rage kuɗin fetur har ya sauko Naira 65, wanda shi ne abin da iyayenmu suka fi tuna shi da shi. Ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009. A shekarar ce kuma rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri.

Inda tasirin gida ya zama abin tsoro shi ne lokacin jinyarsa. A Nuwamban 2009 aka tafi da shi Jidda ba tare da ya miƙa wa mataimakinsa ragama a rubuce ba. Wata biyu da rabi ƙasa na tambayar wa ke mulki, 'yan tsirarun makusanta ne kaɗai ke iya ganinsa, har ministoci ba sa samun hanya. Sai ranar 9 ga Fabrairu, 2010 Majalisar Tarayya ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi, bisa hujjar larura da ba a rubuta a kundin tsarin mulki ba. Daga baya aka gyara kundin don kada a maimaita. Umaru ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2010. Ko waɗanda suka fi ƙaunarsa a cikinmu sun yarda cewa a waɗannan watanni an mayar da lamarin ƙasa kamar lamarin cikin gida.

Ɗaya daga cikinmu, ɗan mai sayar da itace daga wani ƙauye, shi ya kawo abin da ya fi damunmu. Bai musa ƙwazon Shehu ko sauƙin kan Umaru ba. Ya ce dai kakansa da Musa 'Yar'aduwa sa'o'in juna ne, amma ɗaya an kai shi kwaleji, ɗaya an bar shi a gona, kuma shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a, shekara kusan ɗari a baya da wancan gida. Ba mu samu amsar da za mu ba shi ba.

Gidan kuwa bai bar fage ba. 'Ya'yan Umaru mata sun auri gwamnonin Bauchi da Kebbi na lokacin. Ɗan Shehu, Murtala, ya zama ƙaramin ministan tsaro a gwamnatin Jonathan. Filin jirgin saman Katsina da jami'ar jihar na ɗauke da sunan Umaru, cibiyar taro a Abuja na ɗauke da na Shehu. A 2023 kuma ƙanensu Abdul'aziz, tsohon soja, ya ci kujerar Sanatan Katsina ta Tsakiya, ba a PDP da mutanen yayansa suka gina ba, a APC ta Muhammadu Buhari, wanda Shehu ya yi aji ɗaya da shi a makarantar sakandare a Katsina.