Kayak: Jirgin Ruwa Mai Ƙashi da Fata

A gaɓar tekun Girinlan da arewacin Kanada babu dazuzzukan da za a sari babban gungume a fafe shi ya zama kwale-kwale, kamar yadda Sarkawan Yawuri ke yi. Amma mutanen wurin, wato Inuwit, a da yawancin abincinsu abin da suka farauto a teku ne. Wannan larura ce ta haifar da kayak, siririn jirgi mai ɗaukar mutum ɗaya, wanda tsawonsa kan kai mita 5, faɗinsa kuwa bai cika wuce santimita 50 ba. Tsarinsa irin na jikin dabba ne: ƙasusuwa a ciki, fata a waje.

Yadda magabata suka ƙera shi

Ƙasusuwan jirgin na itatuwan da igiyar ruwa ke kawowa gaɓa ne, wasu ma tun daga kogunan Saberiya. Dogayen katakai biyu ne ke tafiya ta gefe da gefe su haɗu a goshi da wutsiya, a ƙarƙashinsu kuma a jera lanƙwasassun itatuwa tamkar haƙarƙari, sannan a shimfiɗa wani dogon itace a ƙasa a matsayin ƙashin baya. Ana ɗaure gaɓoɓin da jijiya ko tsirkiyar fata. Daga nan mata su ɗinka fatar sil, wata dabbar teku mai shayarwa wadda ta ɗan yi kama da ayu, su lulluɓe jirgin da ita tana jiƙe. Ɗinkin layi biyu ne, kuma allura ba ta huda fatar ta ɓulla ɗaya gefen, don kada ruwa ya sami kafa. Idan fatar ta bushe, zaruruwan kolajin da ke cikinta sai su tsuke, ta ɗame kamar fatar ganga. A ƙarshe a shafe ta da man dabbar.

Ma'aunin jirgin jikin mai shi ne. Bisa al'ada tsawonsa gaba uku ne na maharbin, faɗinsa kuma faɗin ƙugunsa da ƙarin dunƙulen hannu biyu. Saboda haka kayak ɗin wani ba lalle ya dace da wani ba.

Me ya sa ba ya karyewa?

Sirrin ƙarfin kayak yana cikin sassaucinsa. Idan igiyar ruwa ta doki jirgin da aka kafe da ƙusoshi, ƙarfin dukan kan taru a wajen ƙusa, katako ya tsage. Gaɓar da aka ɗaure kuwa takan ɗan motsa, ta miƙa nauyin ga maƙwabtanta, kamar yadda guringuntsi ke ba haƙarƙarin mutum damar motsi a lokacin numfashi. Ita ma fatar tana aiki, domin ɗamewarta ce ke riƙe ƙasusuwan wuri guda.

Yadda yake tsayawa bisa ruwa kuwa, ƙa'idar Arkimidis ce ta bayyana shi: abu kan yi iyo idan ya ture ruwan da nauyinsa ya kai nasa. Lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce. Ke nan jirgi mai kilo 14, da matuƙi mai kilo 70, da kaya kilo 6, za su nutsa ne kawai har su ture lita 90.

Ƙera shi a yau da kuɗi kaɗan

Bayan da jirage masu inji suka kusa kawar da kayak a Girinlan, matasan ƙasar sun farfaɗo da sana'ar a shekarun 1980, kuma masu sha'awa a Turai da Amurka suna ƙera irinsa a gidajensu. Abin da ya sa yake da araha shi ne katakon da yake ci kaɗan ne, kayan aikin kuma ba su wuce zarto da kurfi da wuƙa da abin huda ba. Dogayen sassan suna son katako marar nauyi, miƙaƙƙe, marar kulli. Haƙarƙarin yana son ɗanyen itace mai tauri, wanda ake turarawa cikin akwati. Zafin tururi kan tausasa liginin, sinadarin da ke manne zaruruwan itace, sai a lanƙwasa shi nan take kafin ya huce. Hausawa ma sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A madadin jijiya ana amfani da zare mai kakin zuma, a madadin fata kuma yadin nailan ko foliyesta mai kauri, wanda ake shafe shi da fenti mai hana ruwa shiga. Nailan ya fi jure duka, sai dai yakan saki idan ya sha danshi. Foliyesta ba ya saki sosai, kuma ana iya tsuke shi da zafin dutsen guga.

Gyara da abin da yake jawowa

Da yake ɗaure jirgin aka yi, ana iya yanke yadin a sauya siffarsa. Amma kowane gyara yana da farashi. Ƙarin faɗi kan rage kifewa, ya kuma rage gudu. Lanƙwasa ƙashin baya sama a goshi da wutsiya kan sauƙaƙa juyawa, amma jirgin ya riƙa kaucewa daga hanya. Ɗaga katakon da gwiwa ke tokara kan ba ƙafa sarari, sai dai iska ta ƙara samun abin turawa.

Akwai wurin da tsimi ke zama ganganci. Cikin irin wannan jirgi fili ɗaya ne, ba shi da ɗakunan da ke tsare iska, don haka idan yadin ya yage ruwa kan cika shi baki ɗaya. Wajibi ne a cusa jakunkunan iska a gaba da baya, matuƙi kuma ya sa rigar hana nutsewa. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska, shi ya sa a da maharban Girinlan ke ɗaure rigar fata a bakin ramin zama, suke kuma koyon miƙar da jirgi da filafili bayan ya kife tun suna yara. Wanda ya ƙera sabon kayak, ya fara gwada shi a ruwa marar zurfi, tare da wanda ya iya iyo a kusa.