Furotin mai ɗaukar asid ɗin kitse

Furotin mai ɗaukar asid ɗin kitse, wanda aka fi sani da FABP, rukuni ne na ƙananan furotin da ke cikin tantanin halittar mutum da dabbobi. Asid ɗin kitse, irin wanda ake samu a man gyaɗa, manja da man shanu, ba ya narkewa a ruwa, alhali cikin tantani ruwa ne mafi yawa. FABP ne ke kama shi ya kai shi inda za a ƙona shi don samar da kuzari, ko inda za a adana shi, ko cikin cibiyar tantani inda ƙwayoyin gado suke.

Tarihi da siffa

Robert Ockner da abokan aikinsa ne suka fara bayyana shi a shekarar 1972 a Amurka, daga hanjin ɓera. Kowane FABP yana da amino asid kusan 130. Siffarsa kamar ganga ce mai murfi, kuma kitsen yana zama ne a cikin gangar. Ana sa musu suna bisa gaɓar da aka fara gano su: FABP1 a hanta, FABP2 a hanji, FABP3 a zuciya, FABP4 a tantanin kitse, FABP5 a fata, FABP7 a ƙwaƙwalwa.

Girma da rikiɗar tantani

Tantani yana iya ci gaba da rabuwa gida biyu domin ya yawaita, ko ya daina rabuwa ya rikiɗa ya zama na musamman, kamar na fata ko na jijiya. FABP yana da hannu a wannan zaɓi, domin wasu daga cikinsu suna miƙa kitsen ga furotin PPAR a cibiya, wanda ke kunna wasu ƙwayoyin gado.

A 1987 masu bincike a Jamus suka fitar da wani furotin daga hantsar saniya mai shayarwa, wanda ke hana tantanin mama yawaita. Daga baya aka tabbatar FABP3 ne. Shi kuwa FABP4 yana ƙaruwa sosai a lokacin da tantani ke rikiɗa zuwa na kitse, har ana amfani da shi a matsayin alamar rikiɗar. FABP7 yana da yawa a ƙwaƙwalwar ɗan tayi.

Wani bincike na 2007 ya nuna cewa asid ɗin da jiki ke sarrafawa daga bitamin A yana iya yin aiki biyu masu karo da juna. Idan furotin CRABP2 ya ɗauke shi, tantani yakan daina girma. Idan FABP5 ne ya ɗauke shi, tantanin yakan rayu ya ci gaba da yawaita.

Muhimmanci ga lafiya

Ciwon daji yawaitar tantani ce ba tare da birki ba, shi ya sa ake nazarin FABP5 da FABP7 a sankarar mama da ta ƙwaƙwalwa. A 1996 Gökhan Hotamisligil ya nuna cewa ɓerayen da aka cire wa FABP4 sun yi ƙiba, amma insulin bai daina aiki a jikinsu ba, abin da ya danganta furotin ɗin da ciwon sukari. FABP3 yana kwarara cikin jini jim kaɗan bayan bugun zuciya, don haka ana iya auna shi a gwajin jini.