Ciwon Yaushin Wake: Don Me Wani Iri Ya Kan Tsira?

'Yan'uwa manoma, in kun ga wake yana yaushi alhali ƙasa da danshi, kada ku yi saurin ɗora wa wuta-wuta laifi. Ku tuge ɗaya, ku tsaga gindinsa da wuƙa. In cikin ya yi ƙasa-ƙasa, to, ciwon yaushi ne.

Wata fumfuna ce, Fusariyam, ke kawo shi. Cikin ƙasa ta ke zaune shekara da shekaru. Ta saiwa ta ke shiga, ta bi jijiyoyin da ruwa ke hawa, ta toshe su. Ganye ya yi rawaya, sau da yawa gefe guda, ya kakkaɓe, shuka ta mutu da ƙishirwa ana tsakar damina.

Iri mai juriya ma tana shigarsa, amma nan da nan ya kan liƙe wurin da ƙaro, ya tsare ta can ƙasa. Marar juriya makara ya ke yi. Tun 1902 aka ba da labarin wani wake a Amurka, mai suna Iron, da ke tsayawa kore inda sauran suka bushe.

Feshi a ganye ba ya maganinsa, asarar kuɗin ƙungiya ne kawai. Gonar da ta kamu, a mai da ita ta gero ko dawa. Kafin ƙungiyarku ta sayi iri kuma, ku tambayi malamin gona wanne ne mai juriya.