Sayi: Tsohon Mashigin Fatake a Bakin Kwara

Ɗalibin da ya tashi a Tudun Wadan Zariya yakan ji sunan Sayi a darasin tarihi, amma da wuya ya san cewa garin yana nan da ransa. Manufar wannan ɗan bayani ita ce a nuna matsayin garin, da abin da ya kamata matafiyi ya sani kafin ya ɗaura niyya.

Sayi tana gaɓar yamma ta Kogin Kwara, kudu da Yamai, cikin jihar Tilaberi ta Jamhuriyar Nijar. Ta yi suna ne a farkon ƙarni na 19, sa'ad da wani malami Bafillace, Alfa Muhammadu Jobbo, ya zauna a wurin, almajirai suka yi ta taruwa gare shi. Garin ya kasance ƙarƙashin inuwar Gwandu, kuma a nan ne ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ƙetare kogi. Ta wannan mashigi ne Bature Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya haye a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Tambutu.

Abin da ya fi shafarmu shi ne yarjejeniyar 1890, wadda Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin Tafkin Cadi, suka ce arewa ta Faransa ce, kudu ta Ingila. Ko da yake an gyara layin daga baya, nan ne mafarin rabuwar da ta sa Bakatsine ya karanta Ingilishi, ɗan'uwansa na Maraɗi kuwa Faransanci.

Mai tafiya daga Zariya zai bi Funtuwa, Gusau, Sakkwato da Illela, ya shiga Birnin Ƙonni. Daga nan sai Dogondutsi, Doso, Yamai, sa'an nan ya haye gada ya nufi kudu. Hausa za ta kai shi nesa, amma a Sayi Zabarmanci da Fulatanci sun fi yawa, takardun ofis kuwa da Faransanci ake yin su. Sai ya lura da lissafin kuɗi: dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka in an ce masa dala ashirin, sefa 100 ake nufi.

A garin zai ziyarci kabarin Alfa Jobbo, da Jami'ar Musulunci wadda aka buɗe a 1986. Sai dai yankin ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga a shekarun nan, don haka kada ya bar Yamai sai ya nemi shawarar mutanen gari. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Wanda ya tsaya a bakin mashigin nan zai gane cewa hanyar fatake ta girmi iyakar Turawa nesa ba kusa ba.